Yatsan Naira Dubu Biyu

A shekarar da ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi mai tsoka, Kafanchan ta cika da sababbin kekuna da rediyo, 'yan reluwe suka sayi babura suna koyon tuƙi a kan kajin mutane. Mutum ɗaya ne a unguwarmu bai samu ko kwabo ba, shi ne kuma ya fi kowa bayanin yadda aka raba kuɗin. Sunansa Alexander, amma in kana so ya amsa da sauri, ka ce masa Lauya.

Lauyancin nasa ga inda ya samo asali. Ya taɓa yin masinja wata bakwai a wata kotu a Kaduna, aka sallame shi ranar da aka tarar ya ɗora hular gashin alƙali a kansa, mai hoto yana ce masa ya ɗan karkata. Ya dawo gida da hoton, da wata jakar fata da ba ta kulluwa, da baki. Tun daga nan matarsa Lai'atu ke riƙe da gidan. Tana saro manja a wajen Dozie, wani ɗan kasuwa Ibo da ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe shagonsa kusa da tashar jirgi, ita kuma ta auna a kwalabe ta sayar a kasuwa.

Wata safiya Alexander yana zaune a bencin shagon Dozie, yana karanta jaridar Dozie, sai mota ta sauke garwanin manja. Leburori suna ɗauka ɗaya-ɗaya suna nishi. Alexander ya sauke jarida ya girgiza kai.

"Mazan yanzu sai cin tuwo. A Kaduna, fayil na shari'ar ƙasa ya fi wannan nauyi, kuma biyu nake ɗauka in hau bene."

Dozie ya ce, "Oga Lauya, zauna. Ka bar shi, aikin ka ba ne."

Ai kamar ya zuga shi. Ya naɗe hannun riga, ya cafki garwa a dama, ya cafki wata a hagu, idanunsa suka firfito. Ya yi taku uku, ya yi tuntuɓe da dutsen sikeli da aka bari a bakin ƙofa. Garwa ɗaya ta sauka a kan babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Ɗayar ta fashe, manja ya wanke benci da jarida da wani farin kare da ke barcinsa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Dozie ya ɗauke shi a babur ya kai shi asibiti, ya biya komai. Farce ne ya fita. Nas ta wanke, ta manna filasta, ta ce kwana goma zai sa takalmi.

Washegari Dozie ya zo gaisuwa da zakara a hammata da naira goma a ambulan. Ya tarar Alexander a kwance a tsakar gida, ƙafa a kan turmi, jakar fata a kan ciki.

"Naira goma?" Alexander ya yi dariya har da tari. "Dozie, ka ɗauka da ɗan ƙauye kake magana? Diyyar rauni iri biyar ce a doka. Ta farko kuɗin magani."

"Na biya asibiti."

"Ka biya na jiya. Ta biyu, asarar aiki."

Lai'atu tana tankaɗe a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wane aikin?"

"Maman Lucia, maza na magana. Ta uku, raɗaɗi da wahala. Wannan ba ta da rasit, alƙali ne zai dubi fuskata ya yanka. Ta huɗu, asarar jin daɗin duniya, wato abin da nake morewa da, yanzu ba hali. Ta biyar kuwa," ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsa ya kaɗa a gaban hancin Dozie, "ita ce ta horo. Wannan ba don ni ba ce, don ka shiga hankalinka ne. Duka-duka, saboda maƙwabtaka, naira dubu biyu."

Dozie ya dubi zakara, ya dubi Lai'atu. "Madam, ni na kai shi asibiti, ni na biya, manja na ya zube, kuma ni ne ɓarawo?"

"A kotu za ka ji amsa," in ji Alexander. "Tafi da ambulan ɗinka. Zakaran ka bar shi, shaida ne."

Kafin la'asar ya rubuta ƙara shafi huɗu, ya kai kotu da kansa. A cikin takardar ya ce yana zaune yana karatunsa garwa ta faɗo masa daga saman tari. Da labari ya kai wa Immaculata, matar Dozie, ta aiko wa Lai'atu cewa ba sauran manja sai an gama shari'a. Lai'atu ta kife kwalabenta, ta zauna ta zuba wa mijinta ido.

"Kwantar da hankalinki," ya ce. "Wata mai zuwa ke za ki riƙa ba Immaculata sari."

Ya fara da kuɗin magani, don ya ce alƙali ba ya jin magana sai takarda. Ya fasa asusun Lai'atu, ya ɗingisa zuwa kemis, ya ce a ba shi duk abin da ke da tsada, a rubuta rasit. Aka haɗo masa maganin tsutsa, da na tari, da na ƙarin jini, da man zafi, da babban ƙunshin maganin wankin ciki. Da ya dawo sai tunani ya zo masa: in alƙali ya ce a kawo kwalaben ya ga a cike fa? Ya zauna ya shanye rabin kowanne.

Kwana uku ana ganinsa tsakanin ɗaki da masai, yana gudu a kan diddige. Rahmatu mai ƙosai, da katanga ɗaya ta raba su, ta leƙo ta ce, "Sannu Lauya. Ashe garwar a ciki ta faɗa maka?"

"Jijiya ɗaya ce daga yatsa zuwa ciki," ya amsa yana wucewa, bai tsaya ba.

Filastar nas kuma ta yi masa ƙanƙanta. Ya yayyaga farin zanen gadon aurensu, ya naɗe ƙafar tun daga yatsa har gwiwa, ta koma kamar kabewa.

Sai raɗaɗi. Ya ce raɗaɗin da ba a ji ba, ba a biya. Ya jawo gado bakin taga mai kallon hanya, duk wanda ya ji takunsa sai ya saki nishi: "Wayyo Yesu! Wayyo ƙafata! Dozie ya gama da ni!" In mai wucewa ya yi nisa sai ya kurɓi ruwa ya jira na gaba. Ya kuma aika wa Malam Sambo, mai koyar da mawaƙan coci, cewa ciwo ya tafi da muryarsa, kada a sa ransa ranar Lahadi.

Nishi ya yi aiki fiye da yadda ya so. Ranar Talata 'yan zumuntar mata suka cika ɗakin da tukwanen kiɗa da caki, shugabarsu Mama Hellen a gaba. Suka yi waƙa bakwai, suka yi addu'a har gumi ya jiƙa ɗankwali. Mama Hellen ta ɗora masa hannu a ka ta ce, "Ɗan'uwa, irin wannan ciwo ba ya fita sai da azumi. Kwana uku, ruwa kawai."

"Mama, ai jikina ba ƙarfi..."

"Shi ya sa. Lai'atu, kada ki ba shi ko kunu."

"Da yardar Ubangiji," in ji Lai'atu tana murmushi. Rabon da a ga haƙoranta tun ranar da aka kife kwalabe. A daren farko na azumin ba ta dafa komai ba sai miyar gyaɗa da busasshen kifi, ta kuma bar ƙofar kicin a buɗe.

Magana kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Daga unguwa ta shiga kasuwa an ce Alexander ba ya cin abinci. Ta hau motar citta an ce ba ya gane mutane. Kafin ta sauka a ƙauyensu can wajen Kauru, an riga an rufe masa ido.

Ranar Juma'a da hantsi muka ji kuka daga wajen tashar mota yana matsowa. Mutum goma sha ɗaya ne, mata a gaba da hannu a ka, a bayansu Kawu Meshak, ƙanen mahaifin Alexander, da sandarsa da tsohuwar kwat ɗin zuwa jana'iza. Suka faɗa gidan da kururuwa, suka banka ɗaki, suka tarar da mamacin a tsugune bayan ƙofa yana tura dafaffen rogo a baki.

Kuka ya tsaya cak. Kawu Meshak ya daɗe yana kallonsa.

"Ba ka mutu ba?"

"Kawu, shari'a ce. Ku zauna in yi muku bayani."

Ya yi bayani. Da ya kai kan naira dubu biyu, Kawu ya cire kwat ya rataye a ƙusa. "To, ba za mu bar ɗanmu cikin wahala ba. Muna nan sai mun ga ƙarshe."

Suka zauna kuwa. A kwana na biyu shaida ya shiga tukunya, wato zakaran Dozie. A na biyar buhun acca ya kwanta. Kawu kullum da safe sai ya fito da keken Alexander ya danna ƙararrawa, ya matsa taya, ya ce, "Da ka tafi, wannan ni zan gada." Lucia, 'yar gidan, ta koma kwana wajen Rahmatu don ba wurin shimfiɗa. Lai'atu ta sayar da akuyarta ɗaya don ciyar da masu makoki.

"Alexander," ta ce masa a bayan ɗaki, "je ka ba Dozie haƙuri tun akuya ɗaya ce ta tafi."

"Ke ba ki san doka ba. Duk wannan wahala ce, kuma wahala kuɗi ce."

Ranar shari'a ya ce ba zai taka ba, sai a tura shi a baro don gari ya gani. Aka aro na wani mai gini, aka shimfiɗa tabarma, ya hau ya rungume jakar fata. 'Yan'uwa biyu na turawa, sauran na biye, shi kuma yana nishi duk inda ya ga taro. Daidai gangaren kasuwa bakin zanen gado ya kwance ya maƙale a ƙusar wani tebur. Masu turi ba su lura ba, baro ya ci gaba da gangarawa, zane yana warwarewa, ƙafa tana ramewa. Mata suka bar kayansu suna nunawa. Kafin a tsaya, zane ya miƙe a titi kamar an shanya, ƙafar Lauya kuwa ta fito fes, sai 'yar filasta a kan yatsa da ba ta kai faɗin kwabo biyu ba.

"Mu'ujiza!" wani mahauci ya yi ihu. "Kasuwa ta warkar da shi!"

Rabin kasuwar ya biyo baro har kotu.

Alƙalin dattijo ne mai tabarau a kan hanci, irin wanda ya ji ƙarya iri-iri har ta daina ba shi haushi. Ya karanta shafi huɗun nan, ya leƙo ta saman tabarau.

"Wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni da kaina, ranka ya daɗe. Ai ɗan gida ne ni, na yi aikin kotu a Kaduna."

"Madalla. Mu fara da magani."

Alexander ya zazzage rasit a tebur. Alƙali ya ɗauki ɗaya. "Maganin tsutsa. A yatsan take?" Ya ɗauki wani. "Na tari. Yatsan ne ke tari?" Dozie ya miƙa takardar asibiti mai hatimi, an biya. Alƙali ya ture tarin rasit gefe da bayan alƙalami.

"Asarar aiki. Mene ne aikinka?"

"Ina ba da shawarar doka, ranka ya daɗe. Ga shaidata nan."

Rahmatu ta fito tana gyara mayafi. "Gaskiya ne, ya taɓa ba ni shawara. Ya ce doka ba ta san kuɗin rumfa ba, kada in biya."

"Sai aka yi yaya?"

"Aka ci ni tara, aka tafi da kaskona."

"Nawa kika biya shi?"

"Ƙosai bakwai. Ya ce in ƙara yaji."

Ɗan sandan kotu ya yi tsawa a yi shiru, shi ma kafaɗarsa na rawa don dariya.

Kan raɗaɗi aka kira Mama Hellen. Ta riƙe Littafi Mai Tsarki da hannu biyu ta ce ita ba za ta yi ƙarya a gaban Allah ba, nishi kam ɗan'uwa ya yi, har cikin coci ana ji. "Sai dai yana hutawa ƙarfe ɗaya, in za a karanta labarai a rediyo. In an gama ya ɗora daga inda ya tsaya."

Alexander ya share gumi. "Ranka ya daɗe, a wuce ta huɗu. Ni mawaƙi ne. Ciwon nan ya raba ni da waƙa, ya raba ni da hidimar iyalina."

Malam Sambo mutum ne mai kunya. Ya tsaya yana murza hula. Alƙali ya tambaye shi ko mawaƙa sun yi rashi.

"To... ranka ya daɗe... Lahadi biyun nan dai, karo na farko ke nan da muka fara waƙa tare muka gama tare. Fasto ma ya tambaya ko mun samu sabon malami."

Saura Lai'atu. Ta fito ba ta dubi mijinta ba.

"Me maigidanki yake yi miki da, wanda yanzu ba ya iyawa?"

Ta tsaya tana tunani, tunani na gaske, har alƙali ya ɗaga gira.

"Da yana fita da safe, ranka ya daɗe, ya bar ni in yi aikina. Yanzu yana gida. In akwai wanda ya yi asarar jin daɗin duniya a gidan nan, ni ce."

Sai da aka buga tebur sau uku kafin kotu ta lafa. Alexander ya miƙe da ƙafa ɗaya. "Ko duk sun faɗi, ta horo tana nan! Mutumin nan ya tara garwani kamar dutsen Kagoro, ɗaya ta faɗo wa bawan Allah yana zaune yana karatu!"

Dozie ya ɗaga hannu biyu sama. "Oga alƙali, shi ya ɗauka! Na ce masa ka bar shi, ka bar shi!"

"Ƙarya ne! Ban taɓa ba!"

Alƙali ya cire tabarau ya goge a hankali. Ya ƙare wa Alexander kallo daga wuya zuwa ƙwauri.

"A nan kam na yarda da mai ƙara," ya ce. "Malam Dozie, ka dubi mutumin nan da kyau. Wannan hannun kamar sillen kara? Ko rabin garwa aka ba shi ba zai raba ta da ƙasa ba. Ina jin ko butar shayi sai an taya shi."

Dariya ta tashi daga bayan kotu, har da leburorin Dozie da ke leƙe ta taga. Wuyan Alexander ya kumbura. Ya manta da yatsa, ya dire ƙafa biyu a ƙasa, ya bugi ƙirji.

"Ni? Biyu na ɗauka! Ɗaya a dama, ɗaya a hagu! Taku uku na yi da su, ga leburori can a tambaye su! Wa ya taɓa yin haka a Kafanchan?"

Alƙali ya mayar da tabarau, ya ce wa magatakarda, "Rubuta. Biyu. Taku uku."

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Alƙali ya ce Dozie yana da ɗan laifi na barin dutsen sikeli a bakin ƙofa, kuma ya riga ya wanke shi a asibiti. Sauran duka aikin mai ƙara ne da hannunsa biyu.

"Amma tunda kai ɗan gida ne, ba za ka fita hannu wofi ba. Akwai wata diyya da ba ka rubuta ba. Ana ba da ita ga wanda ya tara mutane a kan abin da bai kai a tara su ba. Sunanta diyyar raini. Malam Dozie, ba shi sule ɗaya."

Dozie ya laluba aljihu ya ajiye kwabo goma a tebur, ƙarar ta kai har ƙofa. Aka kuma ɗora wa Alexander kuɗin kotu da na garwar da ta fashe. Dozie ya ce manjan ya yafe saboda Madam, gobe ma ta zo ta ɗauki kaya.

A bakin kotu jama'a suka yi da'ira. Alexander ya fito yana taku da ƙafa biyu, ya ɗaga sulen sama. "Ku shaida, ni aka biya! A doka wanda aka biya shi ya ci shari'a!"

Sandar Kawu Meshak ta tare masa hanya. Tsohon ya sa kwat ɗinsa, ya ɓalle maɓalli har wuya.

"Ɗana, yau na yi makaranta. Ashe haka doka take da daɗi." Ya soma lanƙwasa yatsu. "Mun bar gona kwana goma sha biyu, ciyawa ta cinye dawa. Asarar aiki ke nan. Matan nan sun yi maka kuka tun daga Kauru har muryarsu ta dishe. Raɗaɗi da wahala. An yi bikin ɗan dagaci ba mu sha ko ƙwarya ɗaya ba. Wannan me ka ce sunanta?"

"Jin daɗin duniya!" taro ya amsa masa baki ɗaya.

"Yauwa. Ta horo kuma, don gobe in ka ce za ka mutu, ka mutu."

"Kawu, ai wannan ba haka ake lissafa..."

"Keke da rediyo sun isa. Saboda zumunci."

Da yamma muka ga ayarin ya nufi tashar mota. Kawu bai iya hawa keke ba, tura shi yake yana danna ƙararrawa, wata gwaggo ta ɗora rediyo a ka. Alexander ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga murya cewa zai ɗaukaka ƙara har Kaduna, inda aka san shi.

Lai'atu ta fito da kwalabenta za ta wanke. Ta tsaya a gabansa ta miƙa tafin hannu.

"Kawo sulen."

"Na shari'a ne, Maman Lucia. Ajiyewa zan yi."

"Kawo in sayi gishiri. Shekara tara da aurenmu, yau ka fara kawo kuɗi gida."